Abincin Bisa

Taubashina ya iya tuƙa jirgi, wannan kam ban taɓa musu ba, da idona na gani. Sauran abin da ake faɗa a kansa ne nake musu. Yanzu haƙora sun ragu a bakina, kunya ma ta ragu, to bari in faɗi nawa.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana. A Kurfai ɗan mace bawan ɗiyan namiji ne, da wasa, don haka tun ina 'yar mitsitsiya "bawana" nake ce masa, kuma ina da izinin in zage shi gaban kowa ba mai cewa na yi rashin kunya. Ya girme ni da shekara goma ko fiye. Ubansa ya mutu yana rarrafe, gwaggo ta dawo da shi gidanmu, a ƙauyenmu da ke arewa da Filinge, tafiyar rabin yini a kan jaki. Da kumandan, Baturen mulki, ya aiko a ba da yara lakwal, wato makarantar boko, maigari ya duba wanda ba shi da uban da zai tsaya masa, ya miƙa shi. Daga lakwal Nasara suka sa shi soja. Ya yi musu yaƙi a wata ƙasa bayan teku, ya dawo da tabo a ƙauri da lambobi a ƙirji. Can ne ya fara da goge jirage, ya koma gyaransu, har aka bar shi ya tashi da su.

Da aka ce mun samu 'yancin kai, masu tuƙa jirgi a ƙasar nan ba su cika hannu ɗaya ba, sai ya zama ɗan lele. Shi ke ɗaukar manya ya kai su, shi ke maido su. Yau da gobe yana jin hirarsu ta bayan ƙeyarsa, sai ya ga ai shi ma ya iya. Ya tuɓe kakin soja, aka sa sunansa a takarda, ya zama defite, wato ɗan majalisar ƙasarmu ta Kurfai. Zaɓen ma abin dariya ne: takarda guda ake miƙo maka, ka jefa ta a akwati guda, a ce ka zaɓa. Duk da haka tsofaffin ƙauyenmu sun jefa da murna. Cewa suke mutumin da ya hau sama ya ga inda hadari ke kwana ba zai bar gonakinsu da ƙishi ba.

Ni ma daga baya an kama ni an kai lakwal, na fito malama, ina koyarwa a Filinge. Madam ake ce mini. Na faɗi wannan ne don ku san ni ma ina da nawa girman kan a lokacin.

In ya zo gida, kai, sai ka rantse wani sarki ne ya sauka. Baƙin gilashi, agogo mai hannuwa barkatai, fararen kayan Nasara a garin da ruwan wanki sai an ja shi da guga. Da kan yatsu yake gaisawa. Tuwo da cokali. Ba ya zama minti biyar sai ya ɗaga tafin hannu ya karkata shi, yana nuna yadda ya taɓa ratsa hadari da injin guda. Labarin nan na ji shi ya fi sau talatin, kuma kullum hadarin ƙara baƙi yake. Hausarsa kuwa ta tafi yaƙi ba ta dawo ba. Kalmomin suna nan a bakinsa, amma ya manta inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, sai ya riƙa magana ta hanci a miƙe kamar mai karanta takardar haraji. Nakan ce masa, "Bawana, harshen ma fansho ya tafi?" Ya yi murmushin nan nasa na rabin baki, ya amsa mini da Faransanci.

Sai fari ya zo. Ba shekara guda ba, shekaru ne a jere, kowace ta fi 'yar'uwarta mugunta. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka tashi. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Aka riƙa tone gidajen tururuwa ana kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara. Shanun da ake korawa kasuwar Baleyara, rabinsu a hanya suke kwantawa, waɗanda suka isa kuma ba mai taya su. Ana ta cewa hatsin taimako ya iso Yamai, amma hanyar ta lalace, kamiyo, babbar motar kaya, sai ya kafe a rairayi, abin da ya tsira kuma sai ya bi ta wasu gidaje kafin ya iso namu.

Gonar babana a cikin kwari take, shimfiɗaɗɗiya, doguwa, ba tudu ba rami. Kakan kakansa ne ya sare ta. Ko a shekarun nan na wahala ita kaɗai ce a ƙauyen ke ba da ɗan abin da za a ce an girbe, saboda damshi yana kusa a wurin. Akwai gawo guda shida a cikinta, su ke zubo 'ya'ya da rani awaki su samu na ci, ganyensu kuma ya zama taki. Babban cikinsu, na tsakiya, shi ne na gidanmu. Babana bai taɓa yin salla ba har ya mutu, addinin kakanninsa ya riƙe, kuma a gindin gawon nan yake yanka jan zakara ya zuba gumba kafin a kai iri ƙasa. Ba shi da shanu, ba shi da sana'a, ba ya zuwa ci-rani. In ka cire gonar nan daga babana, sauran tsoho ne kawai da bante da sanda.

Da bazara ta matso, ranar wata kasuwa, sai ga motar taubashina da gardi biyu, dogaran gwamnati. Aka tara gari da hantsi a bakin gonar. Ni ma ina gida, an ba da hutu. Ya hau matakin mota ya ce ya gaji da jiran kamiyo. Shi mutumin sama ne, ta sama zai ceci mutanensa. Abin da yake bukata fili ne kawai, miƙaƙƙe, mai tauri, inda jirgi zai sauka. Ya ce ya duba ƙasar nan tun daga can ƙololuwa, kuma wuri ɗaya ne ya dace. Bai kalli babana ba da ya faɗi haka. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Ku ba ni fili, ni kuma in kawo muku abincin bisa!"

To, a nan sai na tsaya na yi bayani, don a takarda kalmar iri ɗaya ce. Mu a yamma sama ita ce bisa: jirgin bisa, ruwan bisa. Dabba ma bisa ce, jam'inta bisashe. A baki ne suka rabu. In ka datse ta ka sauke murya, sama kake nufi. In ka ja ta, to akuya ce ko jaki. Yaron da aka yaye jiya ba ya haɗa su. Taubashina kuwa, da harshensa na bariki, sai ya ja ta, ya ja ta sosai, har da lumshe ido.

Sai wata tsohuwa, uwar 'yan borin garinmu, mace mai baki kamar aska, ta kece da dariya. Ta ce, "Kun ji hwa! Ɗan ga dussa za shi kawo muna!" Gari ya ɗauka. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya ba har da riƙe ciki.

Ni kuwa sai kunya ta kama ni, kunyar 'yan lakwal, wai kada a ce mu masu karatu ba mu iya magana ba. Na miƙe tsaye, ni da bakin nan nawa, na ce, "Haba Inna, ai kin san abin da yake nufi. Abincin da za shi zo ta bisa, cikin jirgi. Hatsi ne, hatsin mutane. Harshe ne ya karkace." Na gyara masa kalmar, na faɗe ta daidai har sau biyu yadda nake wa yara a aji. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Madam ta gyara." Ta ja zanenta ta tafi.

Da rana ya biyo mu gida, da maigari da dattawa a bayansa. Da gangan ya taho da su. Ya san a wurinmu ɗan 'yar'uwa in ya roƙi kawunsa abu a gaban jama'a, hana shi abin kunya ne da za a riƙa faɗa har jikoki. Ya tsuguna, karo na farko da na ga gwiwar wandon nan ta kusanci ƙasa, ya ce, "Kawu, gonarka nake roƙo. Aro ne."

Babana ya ce, "Itacen hwa?"

"Sai an sare, Kawu. Jirgi ba ya sauka cikin itace."

"Har babban?"

"Shi ne ma a tsakiya."

Babana ya ce akwai masu zama a wurin, kuma sun riga kowa zuwa. Taubashina ya yi 'yar dariya ya waiwayi dattawa. Ya ce, "Kawu, na hau bisa sau ba adadi, na ratsa hadari, na leƙa bayansa. Ban iske kowa can ba." Babana ya ce, "Wa yac ce maka bisa suke, ɗana? Nan ƙasa suke, inda kake taka da takalminka."

Da an bar shi haka, ina jin da ya ƙi, kunya ko ba kunya. Ni ce na sa baki. Na ce, "Baba, yara mutuwa suke. Jiya ma an kai biyu. In jirgi ya sauka sau goma, garin nan ya tsira. Gona ai ba gudu za ta yi ba." Ya juyo ya dube ni ya daɗe. Sunan uwarsa gare ni, don haka "uwata" yake kirana. Ya ce, "Ke ma, uwata?" Sannan ya tambayi taubashina ko in an gama za a kwashe tsakuwar da za a zuba a gonar. Taubashina ya dafa ƙirji, wajen lambobin, ya ce akwai mashin, wata ƙatuwar na'ura, a Yamai da ke kankare irin wannan cikin yini guda, kafin ruwan farko gona ta koma yadda take. Babana ya ce, "Shi ke nan. Ɗauka."

Babu ɗan garinmu da ya yarda ya ɗora gatari a kan babban gawon. Sai da gardi suka kawo 'yan kaso, wato fursunoni, daga Filinge. Kafin su fara babana ya je shi kaɗai. Babu zakara a garin, duk an cinye, sai ya kaɗa ɗan garin hatsi cikin ruwa ya zuba a gindin, ya ce musu su yi haƙuri su tashi, ba da son ransa ba ne. Ya dawo gida ya zauna ya ba gonar baya. Daga tsakar gidanmu ana jin saran.

Aikin kuma taubashina ya sa masa suna gayya. Gayya! Ko a ina aka taɓa gayya mai gayya bai dafa komai ba? Maza suka riƙa haƙo jar tsakuwa daga gindin dutse, suna kawowa a kai, don jakuna sun ƙare. Mutum ya ɗauko kwando ya yi taku ashirin ya zauna yana haki. Mata kuma aka ce mu yi daɓe, yadda muke wa ɗakin amarya. Muka jera da madaɓai, ana yayyafa ruwan rijiya da na makuba, muna bugu. Wallahi ruwan da aka zubar a filin nan ya isa a yi lambun da zai riƙe gari. Ni ma na buga, Madam guda, hannuna ya yi kanta ina alfahari da ita. Wata guda da 'yan kwanaki muka yi. Shi kuwa sau biyu ya leƙo, ya tattaka wurin da dunduniya, ya ce nan bai yi tauri ba, a ƙara.

Ranar saukar, tun da sassafe mutane suka cika wurin, har daga ƙauyukan wajen Bonkuku, kowa da ƙwarya ko buhu ko tsohon zane. Wajen hantsi muka ji ƙugi. Ya ɓullo ta kudu, ɗan ƙarami, fari. Bai sauka nan take ba, ina! Sai da ya kewaye gari sau uku, ya karkata fiffike dama da hagu, ya yi ƙasa-ƙasa ta kan rumbunan da ba komai cikinsu har mata suka kwanta. Sannan ya sauko, ya taɓa ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na faɗa muku ya iya. Aka yi guɗa, ni ma na yi.

Wanda ya fara fitowa mai ɗaukar hoto ne. Shi ya tsaya ya gyara wuri, sannan taubashina ya fito da hular matuƙa da lambobinsa duka. Aka sauke buhuna. Ba su da yawa, jirgin ai ba wani babba ba ne, kuma mai hoto da kayansa sun ci wurin buhu uku. Aka jera su, taubashina ya ɗora ƙafa kan ɗaya, ya miƙa hannu kamar yana bai wa maigari, aka ɗauka. Aka sake, don maigari ya rufe ido. Sannan taubashina ya shiga jawabi.

Yana cikin jawabin na matsa kusa da buhunan. Akwai rubutu a jikinsu da Faransanci, manyan baƙaƙe, da hoton kan saniya. Na karanta. Na sake karantawa, ina fata idona ne. Na sa farce na ɓarke bakin ɗaya. Wasu 'yan dunƙule ne suka zubo, masu kama da kashin akuya, dussa da gurya da aka matse. Abincin shanu.

Na bari ya sauke numfashi, na kama hannun rigarsa na ja shi bayan jirgin. Na ce, "Bawana, ka karanta abin da ka ɗauko?"

Ko gezau bai yi ba. Ya sani sarai. Ya ce hatsi sai minista ya sa hannu, minista kuma ya yi tafiya, shi kuwa ya riga ya karɓi aron jirgi na yau, ya riga ya gayyato mai hoto. Wannan ne kaɗai mai magaza, mai tsaron sito, ya iya ba shi ba da takarda ba. Ya ce tafiya ta biyu hatsi ne.

Na ce, "Bisashen da za su ci wannan suna ina? Ka ga ko akuya ɗaya daga can sama?"

Ya ce abu ne mai gina jiki, Nasara sun auna shi.

Na ce, "To bisimilla, ga shi, fara."

Ya duba agogon nan nasa mai hannuwa barkatai. Ya ce iska za ta juya, dole ya tashi kafin azahar. Ya ce, "Ke matsalarki ba ki san yadda ake tafiyar da ƙasa ba." Na zage shi zagin da ba na taubasantaka ba, na haɗa da jirgin da lambobin. Ya hau abinsa, ya tashi, ya bar mu da jar ƙura a ido.

Aka buɗe buhunan gaban jama'a. Uwar 'yan bori ce ta matso, ta ɗauki dunƙule ɗaya, ta sansana, ta tauna, ta tofar. Ta nemo ni cikin taron da ido har ta same ni. Ta ce, "Madam, zo ki gyara muna wannan ma." Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Shekarata nawa yanzu, amma in na tuna sai kunyar ta dawo mini sabuwa.

An ci fa. Kada ku ce ba a ci ba. Aka raba da gwangwani, aka jiƙa, aka daka, aka haɗa da anza. Manya ya kumbura musu ciki, yara ya sa su zawo. Gwaggo, uwar taubashina, ta ƙi barin kowa ya kushe shi a gabanta. Takan tauna a hankali, idonta na ruwa, ta ce ai da ɗan daɗinsa, ɗanta ne ya kawo da hannunsa. Ita kam ban taɓa iya yi mata dariya ba.

Tafiya ta biyu ba a yi ta ba. Muka share filin, muka sake sharewa, kowane ƙugi muka ji sai mu fito mu ɗaga kai. Hatsin gaske da ya zo, a kamiyo ya zo, ta Baleyara, aka sauke shi a Filinge, mutanenmu suka taka da ƙafa suka ɗauko. Ta kan filin jirgin suke ratsawa, don ya fi sauƙin tafiya.

Da na ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, na hau mota na tafi Yamai neman mashin. Yini biyu ina zaune a barandarsa. Da ya ga dama ya fito, da tawul a wuya. Na ce, "Aron da ka ɗauka, lokacin maidowa ya yi." Ya ce wane aro? Wurin yanzu na gwamnati ne, an sa shi a taswira, matuƙa na ƙasashen waje ma suna ganinsa a takardunsu. Ba a kankare abin da ke cikin taswira. Ya ce kamata ya yi Kawu ya yi alfahari, ƙauyuka nawa ne ke da filin jirgi? Ya sa aka kawo mini lemu mai sanyi. Na bar masa abinsa a kan tebur.

Ba a yi sati uku ba sojoji suka karɓi mulki, aka kwashe manyan gwamnati duka, har da shi, aka rufe. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har guɗa na yi a tsakar lakwal. Amma irinsu ba sa daɗewa a ƙasa. Ya yi 'yan watanni ya fito da ƙiba, ya shiga kasuwanci, da aka dawo da siyasa ya sake tsayawa, ya sake ci, har kujerar minista ya ɗana. Hoton nan na ranar, ƙafa kan buhu, shi ya riƙa mannawa a bango, an yanke wajen kan saniyar. Matasan da ba a haifa ba a lokacin suna rantsuwa shi ya ciyar da Kurfai ta sama. Sabbin masu mulki kuma ba wanda ya san da wani mashin, gardi dai sun ce kada wanda ya taɓa filin gwamnati.

Ruwan farko na shekarar ya sauko da la'asar, ruwa na gaske, irin wanda muka manta ƙamshinsa. Kashegari da safe gari ya fashe, kowa ya nufi gona, har waɗanda ba sa iya miƙewa sosai. Babana ya shiga ɗakinsa ya ɗaga tabarma ya tona ƙasa. Ashe tulu ya binne, an liƙe bakinsa da laka. Iri ne, zaɓaɓɓen hatsin gonar, wanda yake warewa kowace kaka tun zamanin ubansa. Duk yunwar nan yana kwana a kansa, ya ci anza, ya ci abincin shanu, bai taɓa shi ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ya juye a ƙwarya ya miƙo mini, ya saɓa sungumi. Ya ce, "Mu tahi, uwata." Na ce, "Baba, gardi." Ya ce su zo.

Shuka a wurinmu namiji ne ke gaba yana sara, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Muka tsaya a bakin gonar. Ko'ina ƙasa ta sha ta yi baƙi, ban da nan. Ruwan ya bi ta kan filin ya wuce, ya bar shi ja wur yana sheƙi. Babana ya ɗaga sungumi ya sara. Ƙarfen ya yi ƙara ya dawo. Ya matsa taku ɗaya ya sake. Ya sake. Haka ya yi ta tafiya yana sara, ina biye da ƙwarya a hannu da iri a tafina, ina jiran rami. Maƙwabta suka tsaya da nasu aikin suna kallo. Wani ya kira shi ya ce ya zo ga gefe a gonarsa ta tudu, aro. Babana bai ko waiwaya ba. Tun daga wannan baki har wancan ya sara, bai samu wurin da zai ɗauki ƙwaya uku ba.

A ƙarshen filin ya ajiye sungumin ya zauna a ƙasa yana haki. Ya shafa wurin da tafin hannu. Ya ce, "Kun iya daɓe, ku mata."

Na durƙusa na ce, "Baba, ni na sa ka. Ka yafe mini." Ya ce in bar wannan. Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Kai shi gida ki daka."

Na ce, "Baba, iri ne. Ga mutum ya ce zai ba ka gefe."

Ya ce, "Hatsin kwari ne, bai san tudu ba. Daka."

Na kai shi gida na zuba a turmi. Ina surfe ina kuka, gari duk ya tafi shuka, ba motsin kowa sai tabaryata. Na yi fura, fara tas, irin wadda muka yi shekaru ba mu gani ba. Na dama na kai masa inda yake zaune a ƙofar gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ƙwaryar ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya miƙo mini ya ce in kai wa gwaggo, ita ce ba ta da ƙarfi.